Ƙishirwar siminti: dalilin da ke sa facin kankare ya tashi

A wani watan Janairu na sa aka gyara mini matakalar ƙofar gida, wadda gefenta ya gutsure tun ranar da aka shigo da janareta a kan baro. Magini ya iso da hantsi shi da leburansa. Ya share wurin da tsintsiya, ya kwaɓa abin da bai kai kwanon sarki biyu ba, ya shafe, ya bi da cokali yana gogewa har wurin ya ɗauki sheƙi. Kafin la'asar facin ya yi fari fat. Ya danna da ɗan yatsa ya ce, "Alhaji, ka ga har ya bushe. Simintin nan mai ƙarfi ne." Na sallame shi ina murna. Bayan mako uku, yara na wasa a bakin ƙofa, sai na ji wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya. Na ɗauko makulli na bubbuga. Tsohon kankare ya amsa da nauyi, facin kuwa fanko. Da na zura bakin wuƙa ta gefe sai ya taso ɗungurungum kamar ƙanzo daga gindin tukunya, gari na zuba daga ƙarƙashinsa.

In haka ta faru, zargi biyu aka saba yi: ko simintin na jabu ne, ko magini ya yi wa kwaɓin ƙwauro. Duka biyun suna faruwa a garin nan, amma ba su ne suka same ni ba, don ni na sayo buhun da hannuna, kuma a gabana aka yi awo. Matsalar tana cikin kalmar da maginin ya faɗa, wadda ni ma na karɓa ban yi musu ba: ya bushe.

Mun gaji wannan kalma ne daga ginin ƙasa. Tubali rana ce ke ba shi ƙarfi. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula, a shanya, ruwa ya fita, ƙwayoyin laka su matse juna. Shi ya sa ake gini da rani, damina kuma ta zama abokiyar gaba, ana ta yaɓe da makuba don kare bango. Wanda ya tashi da wannan sani, in ya ga siminti ya yi fari da wuri zai ɗauka aiki ya yi kyau. Siminti kuwa akasin haka yake. Ana ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai wajen digiri 1450, su narke su dunƙule su zama ƙwallayen da ake kira kilinka, sannan a niƙe su da ɗan jifsam, wani farin dutse mai laushi. Haka ake yi a Obajana da Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka da Malbaza ta Nijar, kuma zuriya ɗaya ce da simintin da Joseph Aspdin, wani birkila a garin Leeds na Ingila, ya yi wa rajista a 1824. Garin da ke cikin buhu dutse ne da wuta ta bar shi da ƙishirwa. Da ruwa ya taɓa shi, bayan kowace ƙwaya zai fara narkewa, daga nan wasu siraran zaruruwa su fara tsirowa, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da C-S-H. Su ne ke miƙewa kamar saiwar ciyawa su sarƙe da juna, su kama yashi da tsakuwa, su shiga ƙananan ramukan duk abin da aka shafa su a kai. Ruwan da ya shiga wannan aiki ba ya fita kuma, ya zama ɓangaren dutsen. Jifsam ɗin da aka zuba shi ne birki, in babu shi kwaɓin zai sandare tun yana kan shebur.

Saboda haka siminti yana daskarewa har a ƙarƙashin ruwa, kuma a nan ya fi samun yadda yake so. Rumawa sun gina tashoshin jiragen ruwa a cikin teku da kwaɓin da suka haɗa da tokar dutse mai aman wuta daga yankin Pozzuoli na Italiya, ragowar wasu na nan har yau. Aikin kuma ba na yini ɗaya ba ne. Injiniyoyi suna auna ƙarfin kankare ne a kwana 28, a kwana bakwai yakan kai wajen kashi biyu bisa uku na wannan ƙarfi, kuma muddin da danshi a ciki yana ci gaba da ƙaruwa a hankali har shekaru.

Nawa ne ruwan da buhu ɗaya ke buƙata? Wani masani Ba'amurke, T. C. Powers, ya yi wannan lissafi a shekarun 1940, kuma har yanzu a kansa ake tafiya. Ruwan da ke haɗewa da siminti ya zama dutse kusan kashi 23 cikin ɗari ne na nauyinsa, wato lita 11 da ɗoriya ga buhu mai kilo 50. Akwai kuma wanda zaruruwan nan ke riƙewa a tsakaninsu, wanda ba ya samuwa ga sauran ƙwayoyin. In aka haɗa duka, buhu ɗaya na neman wajen lita 21 kafin kowace ƙwaya ta samu rabonta. Duk abin da ya haura haka, an zuba shi ne don kwaɓi ya yi laushi a hannu. Zai zauna ya tare wuri, in ya ƙafe daga baya ya bar ƙananan hanyoyi a cikin kankaren kamar gidan gara. Tun 1918 Duff Abrams ya nuna cewa yawan ruwa a kan yawan siminti shi ne babban abin da ke yanke wa kankare hukuncin ƙarfi: ruwa na ƙaruwa, ƙarfi na sauka.

Powers da abokan aikinsa sun auna wani abu da ya fi wannan amfani ga mai gyara, wato tsawon lokacin da za a tsare kankare da danshi kafin zaruruwan su toshe waɗannan hanyoyi. In aka mayar da alƙalumansu zuwa awon buhu, kwaɓin lita 20 yana buƙatar wajen kwana uku. Na lita 25, wato jarka guda, mako biyu. Na lita 30 wata shida, na lita 35 shekara guda, abin da ya wuce nan kuma ba ya toshewa har abada. Sai mutum ya tuna yadda lebura ke tsayawa da bokiti yana ƙara ruwa duk lokacin da magini ya ce kwaɓin ya yi tauri, ba mai ƙirgawa. Da damina kuma yashin da kansa yana zuwa da ruwansa. Yashi mai laima na iya ɗauke da kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa ruwa, a kwaɓin buhu ɗaya da yashi ninki uku, lita bakwai ke nan da suka shiga ta bayan gida.

Wannan duk kankare ya shafa, sabo da na gyara. Abin da ya bambanta faci shi ne siranta, da kuma cewa ɓarayi biyu ke sace masa ruwa a lokaci guda. Ɗauki faci mai faɗin mita ɗaya a kowane gefe, kauri santimita biyu. Kwaɓinsa lita 20 ne, a ciki akwai siminti kamar kilo goma da ruwa kamar lita biyar, kuma simintin na buƙatar fiye da lita huɗu daga ciki. Rarar ba ta kai lita ɗaya ba. Dakin, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 yana da ruwa fiye da lita 25 a kan faɗi iri ɗaya, ga katako da ya tare shi ta ƙasa. Shi yana da ajiya. Faci ba shi da ko sisi a gefe.

Ɓarawo na farko iska ce. Cibiyar Kankare ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi cewa in ƙafewar ruwa daga fuskar ɗanyen kankare ta kai lita ɗaya a awa a kan kowace murabba'in mita, to a shirya ganin tsaguwa. Abu huɗu ke haɗuwa su ba da wannan adadi: zafin gari, zafin kwaɓin kansa, danshin iska, da gudunta. In zafi ya kai digiri 30, danshin iska kashi 20 cikin ɗari, iska na gudun kilomita 15 a awa, lissafin ya riga ya haura lita ɗaya. Wannan kuwa rana ce ta yau da kullum a Kano ko Katsina ko Damagaram da hunturu. Mutane sun fi tsoron zafin Afrilu, kuma da gaskiyarsu, amma hunturu ya fi yaudara, don jiki na jin sanyi sai a ɗauka siminti ma yana cikin sauƙi. Iskar da ke tsaga leɓe da diddige ba za ta ƙyale santimita biyu na kwaɓi ba. Shi Powers ɗin ya gano cewa in danshin da ke cikin ramukan kankare ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, haɗuwar siminti da ruwa kusan tsayawa take yi cak. Ba sai ya bushe ƙayau ba. Da sauran laima a jikinsa aikin zai tsaya, ƙwayoyin da ba su samu ruwa ba su zauna a matsayin gari. Shi ne garin da na gani yana zuba.

Ɓarawo na biyu shi ne tsohon kankaren, kuma shi ya fi ɓarna domin ba a ganinsa. Kankaren da ya shekara goma yana shan rana cike yake da busassun ramuka, yana zuƙar ruwa kamar sabuwar randa. Wurin da yake zuƙa kuma shi ne daidai wurin da ake son zaruruwa su tsiro su kama, wato mahaɗar sabo da tsoho. Sai a samu saman faci ya yi tauri, cikinsa ba laifi, amma ƙasansa, siririn layin da bai kai kaurin farce ba, ya mutu tun awa ta farko. Faci ya zama marfi da aka ɗora kawai.

Maganin da kowa zai fara tunani shi ne a jiƙa wurin, kuma magina da yawa suna yi: a watsa kofi ɗaya, a biyo da kwaɓi nan take. Wannan bai shayar da tsohon kankare ba, fuskarsa kawai ya wanke. Wasu kuma su zarce, su shafa kwaɓi a kan ruwa yana kwance. Nan ma asara ce ta wata fuska. Ruwan da ya kwanta zai tsinka kwaɓin a daidai mahaɗa, layin da ya kamata ya fi ko'ina ƙarfi ya zama shi ne mai ruwan lita 40, kuma ramukan da zaruruwa za su shiga su kama duk ruwa ya cike su. Abin da ake so yana tsakani: ciki ya ƙoshi, fuska ta sha iska. A jiƙa wurin tun daren jiya, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, da safe a buɗe a tsane duk wani ruwa da ya taru a lungu. Alamar ita ce launi ya yi duhu amma babu sheƙi, in ka ɗora tafin hannu ka ji sanyi amma hannun bai jiƙe ba. Kankare mai tauri sosai ɗan ruwa yake sha, mai rauni kuwa sai an yi ta ba shi, don haka ido da hannu sun fi agogo a nan.

Akwai kunun siminti da wasu ke shafawa kafin kwaɓi, don ya zama kamar gam. Yana aiki in an cusa shi da buroshi cikin ramuka aka kuma biyo da kwaɓi yana ɗanye. In aka shafa aka tafi sallah aka dawo ya yi fari, ya koma shamaki tsakanin sabo da tsoho, gara ma ba a sa ba. Haka ƙura da maiƙo da wannan laushin fatar da ke saman tsohon daɓe, duk sai an sassaƙe su an kai ga tsakuwa. Gefen faci kuma a yanke shi a tsaye, zurfin santimita ɗaya aƙalla. Gefen da aka bari ya siranta kamar bakin wuƙa shi ke fara bushewa, daga nan ɓanɓarewa ke somawa.

Sai ban ruwa bayan an gama, kuma a ganina a nan ne ilimi ya ƙare, sha'anin kuɗi ya fara. Kowane magini ya san ana ba wa siminti ruwa. Amma an biya shi kuɗin yini ne, ko kuɗin aiki, da ya wanke cokalinsa ya tafi wani wurin. Kwana bakwai da ke biye ba su da mai su. Mai gida na ganin aiki ya ƙare, ruwa kuma saye ake yi wurin 'yan ga-ruwa, zuba jarka a kan matakala sai ya zama kamar almubazzaranci. In an yi ƙoƙari, a sa yaro ya watsa safe da yamma. Da hunturu wannan ruwa ba ya awa ɗaya a wurin, sauran yinin faci a bushe yake. Jiƙa da bushewa a kai a kai ma yana jawo ƙananan tsage-tsage kamar bayan kunkuru, balle in aka kwara ruwa mai sanyi a kan simintin da rana ta gasa. Gwaje-gwaje sun daɗe da nuna cewa kankaren da aka bari a iska tun ranar farko yakan tsaya a wajen rabin ƙarfin wanda aka tsare da danshi. Rufewa ta fi watsawa, kuma ta fi arha: jiƙaƙƙen buhun algarara, a ɗora leda a kai, a danne gefuna da bulo. In daɓe ne, a zagaye da ɗan bakin laka a tara ruwa kamar fangalin shinkafa. Rufin farko kuma ba sai gobe ba, da zarar fuskar ta iya ɗaukar buhu ba tare da ya yi mata shaida ba.

Ko an yi duk wannan, akwai rigimar da ba ta ƙarewa tsakanin tsoho da sabo. Duk kwaɓin siminti yana ɗan tsukewa in rarar ruwansa ta fita. Tsohon kankare ya gama tasa tsukewar tun shekaru, sabon yana son ya ja jikinsa, tsohon ya riƙe shi ta ƙasa da gefe. Ɗaya daga cikin biyu zai faru: faci ya tsage, ko ya saki. Yashi da tsakuwa ba sa tsukewa, siminti da ruwa ne ke yi. Don haka maginin da ya ce zai ƙara siminti don faci ya yi ƙarfi, ya kwaɓa siminti ɗaya da yashi ɗaya, ya ƙara wa kansa tsaguwa ne. In rami ya yi zurfi, a sa ƙananan tsakuwa a ciki. Ban ruwa ba ya hana tsukewa, yana jinkirta ta ne har faci ya yi ƙarfin da zai iya jurewa.

Kayan gyara na zamani da ake sayarwa a jarka da bokiti kowanne da dokarsa, kuma a nan ne ake cakuɗa abubuwa. Farin ruwan nan mai kama da madara da ake zuba wa kwaɓi roba ce a narke. Kwaɓin da aka sa masa ita yana son danshi na kwana ɗaya ko biyu saboda simintin, daga nan sai a bar shi ya sha iska, don robar ba ta haɗewa ta zama fata sai ruwa ya ja baya. Wanda ya yi masa ban ruwa na mako guda ya hana ta aikinta. Efoksi kuma, wani irin gam mai zuwa gwangwani biyu a haɗa, ba ruwansa da ruwa ko kaɗan, yawancinsa ma busasshen wuri yake so. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi kafin a shafa shi ko a yi wa daɓe fenti: a yanko leda mai faɗin kusan rabin mita, a manne gefunanta huɗu da salatif a kan daɓen, a bar ta awa 16. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa daga ƙasa, duk abin da aka shafa zai kumbura ya yi ƙuraje. Simintin toshe yoyo da ke sandarewa cikin 'yan mintoci shi kuma a bakin ruwa mai gudu ake cusa shi, a tanki ko kwalbati. Abin da aka rubuta a jikin mazubi ya fi abin da aka saba.

Mafi yawan wuraren da ke neman faci ma ruwa ne ya fara lalata su, kuma in ba a bi sawunsa ba zai dawo. Dubi ƙarƙashin dakin ko gindin ginshiƙi inda kankare ya faɗo rodi ya fito ja. Sabon kankare yana da kaifi irin na ruwan toka, wannan kaifin ne ke hana rodi tsatsa. A hankali iska na shiga ta waɗancan hanyoyin na gidan gara tana kashe kaifin, in ta isa ga rodi, ga kuma laima daga yoyon rufi ko bututun banɗaki, tsatsa ta kama. Tsatsa tana cin wuri ninki biyu zuwa fiye na ƙarfen da ta ci, sai ta tura kankare daga ciki ya dare. Ruwan rijiya mai zartsi, in aka kwaɓa da shi, yana gaggauta wannan. Shafe bakin ramin kawai ɓoye ciwo ne. Sai an sassaƙe har bayan rodin, yatsu su iya zagaya shi, a kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, a kuma tare inda ruwan ke shigowa. In rodin ya siranta sosai, magana ta wuce magini, ta injiniya ce. Haka gindin bangon da ke fitar da farin gishiri yana zubar da filasta duk damina. Ruwa ne ke hawowa daga ƙasa. In aka shafe shi da filasta mai ƙarfi sai ya rasa mafita ya ƙara hawa, baɗi a ga tabon ya koma saman facin.

Matakalar tawa an sake ta. Na kira maginin nan dai, na ce, "Malam, wannan karon kuɗin kwana biyu zan ba ka, yau sassaƙa kawai za mu yi." Ya dube ni kamar mai neman ɓata masa lokaci, amma ya ɗauki guduma. Muka yanke gefen a tsaye, muka wanke, muka kwana da jiƙaƙƙen buhu a kai. Washegari sai bayan la'asar aka kwaɓa, da ruwan da aka auna da gwangwani, kwaɓin da ya yi ta ƙorafin ya yi masa tauri a cokali. Muka rufe da algarara da leda, kullum da asuba in ɗaga in jiƙa in mayar. A rana ta biyu akuyar maƙwabta ta ja ledar ta yaye kusurwa ɗaya, ban lura ba sai da magariba. Launin facin bai taɓa zama ɗaya da na tsohon ba, ya fi shi duhu har yau. In na bi shi da makulli yana amsawa da nauyi daga wannan gefe zuwa wancan, ban da kusurwar akuya, wadda take da siririyar tsaga kuma tana ba da ƙarar ƙwarya.